Gardamar yadi ɗaya a shagon Kawu

Kawuna tela ne a unguwar Nima da ke Accra, kuma ina kyautata zaton sana'arsa ce ta sa ya riga mu duka gane ƙwallon Amurka, domin wasa ne da ake auna shi da yadi, shi kuwa ya fi shekara talatin yana yawo da tef a wuya. Ranar da yayanmu da ke zaune a Bronx ya yi masa bayani ta waya cewa ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, sai Kawu ya miƙe tsaye ya auna daga kan hancinsa zuwa ƙarshen yatsunsa, ya ce ashe a kan wannan ɗan taƙin ne ƙattin nan suke gwara ƙashi. Tun daga watan Janairun 2020 shagonsa ya zama wurin kallonmu. In lokacin wasannin sili ɗaya ƙwale ya zo, hazon hunturu ya rufe Accra, sai mu ture kekunan ɗinki gefe, mu jera benci biyu a gaban talabijin ɗin da ke rataye a bango, a ɗora butar ataya a kan gawayi. Wasan ƙarshe, wato Super Bowl, yana farawa ne da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare a agogonmu, ba ya ƙarewa sai wajen ƙarfe uku, kuma sharaɗin Kawu guda ne tun farko: duk wanda ya zauna kallo, to lalle a gan shi a sahun asuba.

A wannan shagon ne gardamar da nake son rubutawa a kanta ta samo tushe, tsakanin Kawu da ƙanena, kuma har yau ba ta mutu ba. Ƙanena yana ganin cewa abin da ke cin wasa a watan Janairu shi ne motsin da ɗan wasa ke yi kafin a ɗaga ƙwallo, wanda ke rikita masu tsaron gida tun ba a taɓa su ba. Kawu kuwa yana ganin duk wannan kai da kawowa ado ne kawai, abin da ke kawo kofi gida shi ne ka miƙa wa ƙaƙƙarfan mutum ƙwallo ya bi bayan ƙattinsa biyar ya ratsa tsakiya, ko da duk filin sun san nan zai biyo.

Ga wanda bai saba da wasan ba, dokar motsin nan tana da sauƙin fahimta. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Kafin mutumin tsakiya ya ɗaga ƙwallo daga ƙasa ya miƙa wa kwatabak, wato madugun masu kai hari, dole ne dukansu su tsaya cik na aƙalla daƙiƙa ɗaya, kuma mutum bakwai ko fiye su kasance a kan layi. Bayan wannan tsayuwa, mutum ɗaya tak aka yarda ya kasance cikin tafiya a lokacin da ake ɗaga ƙwallon, kuma tafiyar ta zama ta gefe ko ta baya, ban da gaba. Wanda ya saɓa, a mayar da ƙungiyarsa baya da yadi 5. A gasar Kanada an sassauta wannan doka har mutane da yawa suna iya taho wa layi da gudu, amma a NFL, babbar gasar Amurka, mutum ɗaya ne, shi ya sa masu horarwa suke ɓata dare suna tunanin yadda za su ci moriyar wannan mutum ɗayan.

Ƙanena ya fi kowa iya bayyana amfanin abin, kuma da maɓallan Kawu yake yi. Yakan zube gwangwanin maɓalli a kan teburin yanka, ya jera farare goma sha ɗaya a gefe guda, baƙaƙe goma sha ɗaya a ɗaya gefen, ya ja layi a tsakani da allin tela, sannan ya ɗora yatsa a kan farin maɓalli na can ƙarshe ya ja shi a hankali zuwa ɗaya ɓangaren. In baƙin maɓalli ɗaya ya bi shi sawu da ƙafa har can, in ji shi, to madugu ya san tsaron mutum da mutum ake yi. In kuwa babu wanda ya bi shi, sai dai kowa ya ɗan gusa, to tsaron yanki ne. Ke nan tun ƙwallo ba ta bar ƙasa ba masu tsaro sun tona asirin kansu. Bayan haka akwai lissafi: mutum uku ne a dama, yanzu sun zama huɗu, masu tsaro kuwa suna da daƙiƙa ɗaya ko biyu su yi wa juna magana su raba aiki, a cikin ihun mutum dubu sittin ko saba'in. Sannan akwai gudun kansa, domin wanda ya riga ya ɗauki wuta ya fi wanda zai tashi daga tsaye.

Kawu yakan saurare shi har ya gama, don ba ya katse mutum, sannan ya ce, "Ɗana, na ji lissafinka, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya rage yadi ɗaya, damar ƙarshe ce, sanyi ya kama yatsu, wa za ka ruɗa? Ko ka ture mutumin da ke gabanka, ko ya ture ka." A Kumasi Kawu ya tashi, a Asawase, kuma tun yana yaro yake bin Asante Kotoko zuwa filin da yanzu ake kira Baba Yara. Taken ƙungiyar, wanda ma'anarsa ita ce in ka kashe dubu wasu dubu za su zo, shi ne ma'aunin da yake auna kowane wasa da shi. A ganinsa gudu da ƙwallo ta tsakiya haka yake: na farko yadi biyu, na biyu yadi uku, kamar ba a yin komai, amma kowane karo yana cin wani abu daga jikin masu tsaro, ta yadda in aka shiga zango na huɗu na wasan, mutumin da ya tare ka sau ashirin ba zai so ya tare ka na ashirin da ɗaya ba. Akwai kuma maganar agogo, wadda Kawu ya gano da kansa ba wanda ya faɗa masa: in aka jefa ƙwallo ba a cafe ba agogo yana tsayawa, in kuwa aka kayar da mai gudu a cikin fili agogo yana ci gaba da tafiya, don haka ƙungiyar da ke gaba da maki kuma ta iya gudu, tana cinye mintunan abokan hamayya ne suna ji suna gani.

Shekarar da muka fara kallo ta ba Kawu hujja mai nauyi. Derrick Henry na Tennessee Titans, mutum mai nauyin fiye da kilo 110, ya ci yadi 182 a kan New England Patriots, mako guda bayan nan ya ci 195 a kan Baltimore Ravens, waɗanda suka fi kowa nasara a kakar. Amma ranar 19 ga Janairun 2020 Kansas City Chiefs suka tsayar da shi a kan yadi 69, suka ci wasan 35 da 24, kuma da zarar Titans suka koma baya da maki sai gudun ya daina yi musu amfani, domin agogon da yake taimakonsu ya juya ya zama abokin gaba. Wannan ita ce ƙofar raunin da ke jikin ra'ayin Kawu, kuma ya san da ita. A daren nan dai, wasa na biyu, San Francisco 49ers suka doke Green Bay Packers 37 da 20, inda Raheem Mostert ya ci yadi 220 ya kai ƙwallo gidan ci, wato ƙarshen filin abokan hamayya inda ake samun maki, sau huɗu, madugunsu Jimmy Garoppolo kuwa jifa takwas kacal ya yi a duk wasan. Kawu ya ɗauka wannan nasararsa ce. Sai daga baya, da idona ya fara buɗewa, na lura cewa kocinsu Kyle Shanahan yana cikin waɗanda suka fi kowa yawan sa mutum ya motsa kafin a ɗaga ƙwallo, kuma manyan ramukan da Mostert yake bi suna buɗewa ne saboda an ja mai tsaro ɗaya ya gusa taku guda daga inda ya kamata ya tsaya.

Ni kaina ina da ɓangare, kuma ba zan ɓoye ba. A shekarar 2022 NFL ta ba Philadelphia Eagles izinin neman magoya baya a Ghana, a watan Yunin shekarar kuma hukumar ta gudanar da taronta na farko a nahiyar Afirka a nan ƙasar, tare da tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora a sahun gaba. Mun riga mun san Ezekiel Ansah, haifaffen Accra da Detroit Lions suka ɗauka a matsayi na biyar a 2013, amma ganin wata ƙungiya ta ce Ghana take so ya taɓa ni, tun daga lokacin na zama ɗan Eagles. Saboda haka daren 12 ga Fabrairun 2023, da Eagles suka haɗu da Chiefs a Super Bowl, ya zauna mini a rai fiye da yadda zan iya faɗa. An tafi hutun rabin lokaci muna gaba 24 da 14, madugunmu Jalen Hurts yana wasan da bai taɓa yin irinsa ba. A farkon zango na huɗu, Chiefs suna yadi 5 daga gidan ci, sai Kadarius Toney ya taso daga dama ya nufi tsakiya kamar zai tsallaka ɗaya ɓangaren, masu tsaronmu suka zabura don su riga shi isa can, shi kuwa ya dasa ƙafa ya juya ya koma inda ya fito, madugunsu Patrick Mahomes ya lallaɓa masa ƙwallo babu kowa kusa da shi. Mintuna kaɗan bayan nan suka sake yin irin wannan ta hagu da Skyy Moore daga yadi 4, kuma muka sake faɗawa. An tashi 38 da 35. Ƙanena bai yi murna a gabana ba, don ya san halin da nake ciki, amma washegari da na shigo shago na tarar ya jera maɓallan a kan tebur, farin na can ƙarshe shi kaɗai a kusurwa, baƙaƙen duk sun tattaru a tsakiya.

Shekara guda bayan haka kocin Chiefs Andy Reid ya sake cin kofi da irin wannan dabara, lokacin da Mecole Hardman ya yi kamar zai shiga ciki ya dawo waje ya cafe ƙwallo daga yadi 3 a ƙarin lokaci, Chiefs suka doke 49ers 25 da 22. Duk wanda ya ce motsi ado ne kawai, to ya yi mana bayanin waɗannan kofuna biyu.

Duk da haka, da na sake kallon wasan 2023 bayan zuciyata ta huce, na ga abin da zafin rashin nasara ya hana ni gani a daren. Eagles sun kayar da madugun abokan hamayya sau 70 a kakar, amma a wannan wasa ko sau ɗaya ba su kayar da Mahomes ba, kuma Chiefs sun ci yadi 158 da gudu. Ƙattin gabansu ne suka kai su yadi 5 ɗin nan tukuna, sannan Toney ya samu wurin yin rawarsa. A nan ne ra'ayina ya fara karkata wajen Kawu, ko da yake ba ta hanyar da shi yake bi ba. Motsi kafin a ɗaga ƙwallo barazana ce, kuma barazana ba ta aiki sai mai tsaro ya yarda cewa abin da ake tsoratar da shi da shi zai iya faruwa da gaske. In ƙungiya ba ta iya ture kowa, masu tsaro za su bar mutum huɗu a gaba su baza bakwai a baya, su zuba ido mai motsi ya yi ta kai da kawowa har ya gaji.

Miami Dolphins na 2023 sun nuna iyakar abin. Kocinsu Mike McDaniel ya sa Tyreek Hill yana tashi da gudu zuwa gefe dab da a ɗaga ƙwallo, abin ya gagari kowa a farkon kaka, har suka zuba wa Denver Broncos maki 70 a watan Satumba, ƙanena kuwa ya cika wayarsa da bidiyon wasan. Sai ga 13 ga Janairun 2024, suka je Kansas City, gidan Chiefs, a cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, suka tashi da maki 7 kacal, aka ci su 26. Ba zan ɗora laifin duka a kan motsi ba, tunda waɗanda suka ci su ma suna yin sa, kuma Miami ta je da raunuka. Amma dabarar da ta dogara ga daidaita lokaci zuwa ƙiftawar ido tana wahala a gidan wasu, inda ihu ke hana 'yan wasa jin muryar madugu, ga yatsu sun sandare, ga masu tsaro sun shafe wata huɗu suna nazarin bidiyonka. A watan Satumba kana iya ba mutum mamaki; a watan Janairu ya riga ya ga wasanninka 17.

Kakar 2024 ta zo kamar don Kawu aka tsara ta. Saquon Barkley na Eagles ya ci yadi 2,005 a wasannin kaka, sannan ranar 19 ga Janairun 2025, ƙanƙara tana zuba a Filadelfiya har layukan fili suna ɓacewa, ya ci yadi 205 a kan Los Angeles Rams na koci Sean McVay, wanda shi ma gwanin motsi ne, ciki har da gudu biyu masu tsawon yadi 62 da 78. A na biyun Kawu ya miƙe da kofin ataya a hannu, bai san ya zube masa a riga ba sai da Barkley ya isa. Mako na gaba Eagles suka ci Washington 55 da 23, sau bakwai suna shiga gidan ci da ƙafa. Ga kuma turin nan da suka shahara da shi, inda in ya rage yadi ɗaya Hurts yake dunƙulewa a bayan mutumin tsakiya, ƙattin gaba irin su Jordan Mailata mai nauyin fiye da kilo 160 su nutsa ƙasa, na baya su tura shi. Babu ɓoyo a cikinsa ko kaɗan, kowa ya san abin da ke zuwa, kuma da shi suka buɗe cin maki a Super Bowl na 9 ga Fabrairun 2025. Ya dami sauran ƙungiyoyi har Packers suka nemi a haramta shi, aka kaɗa ƙuri'a a watan Mayun 2025, ƙungiyoyi 22 suka goyi baya alhali ana bukatar 24, dokar ba ta wuce ba.

A wannan wasan ƙarshe da muka rama a kan Chiefs 40 da 22, ƙanena ya samu abin kamawa, kuma gaskiyarsa ce: Barkley yadi 57 kawai ya ci a ɗauka 25. "Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya," in ji shi, "ina ƙarfin yake? Ai sun tare shi." Amsar da ni na ba shi, tunda Kawu murmushi kawai ya yi, ita ce sun tare shi ne da tsada. Sun tara mutane a gaba don kada ya wuce, sai baya ya zama fili, Hurts ya jefa wa DeVonta Smith ƙwallo mai tsawon yadi 46 ta saman kawunansu. A ɗaya ɓangaren kuma, mutum huɗu na gaban tsaronmu sun isa su hana Mahomes sakat ba tare da an ƙara musu kowa ba, aka kayar da shi sau shida, duk motsin da Reid ya tanada bai samu lokacin nuna kansa ba. Da za a ba ni ƙungiya a ce in zaɓi inda zan fara zuba kuɗi, a kan ƙattin layi zan fara, gaba da baya, sannan in nemo kocin da ya iya motsa mutum ɗayan nan da doka ta yarda.

Kwanan baya yayanmu ya turo mini wani tsohon bidiyo daga Bronx, na Super Bowl ɗin da aka buga ranar 30 ga Janairun 1983 tsakanin Washington da Miami, na kai shi shago bayan sallar isha'i. Miami suna gaba 17 da 13, saura kimanin minti goma, Washington suna kan damarsu ta huɗu da yadi ɗaya a gaba, a kan layin yadi 43 na Miami. Kowa ya san John Riggins za a ba, mutumin da ya ɗauki ƙwallo sau 38 a wannan rana ya ci yadi 166. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, kafin a ɗaga ƙwallo koci Joe Gibbs ya sa Clint Didier ya taso daga hagu ya nufi dama sannan ya juyo, mai tsaro Don McNeal ya bi shi, wajen juyowa ƙafarsa ta ɗan zame, ya iso wurin Riggins a makare kuma a karkace, sai rigarsa kawai ya iya kamawa. Riggins ya fizge ya tafi yadi 43 har gidan ci, Washington suka ci wasan 27 da 17.

Sau huɗu muka kalla a ƙaramin allon wayata, kawunanmu uku a haɗe a ƙarƙashin fitilar keken ɗinki. Ƙanena yana tsayar da bidiyon a daidai inda ƙafar McNeal ta zame, yana nunawa da farce. Kawu yana karɓar wayar ya matsar da shi gaba kaɗan, zuwa inda hannun McNeal ya kama rigar Riggins ya kuma suɓuce, ya ce, "Nan za ka duba, ɗana. Ai ya iso, ya kuma kama shi." Daga nan ya jawo gwangwanin maɓalli da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tona har ya samo wani babban maɓallin kwat mai ruwan ƙasa, ya ajiye shi a bayan fararen ya ce wannan ne Riggins, sannan ya tura wa ƙanena allin ya ce ya ja masa layin, ya nuna masa daga inda Didier ya taso.